Ɗan ci-rani ya kwanta a Kano, an buɗe akwati a Waca

Ƴan uwa mata na ƙungiyoyin asusu, na cikin garin Waca da na ƙauyuka har zuwa ɓangaren Dungas. 

Kun san lokacin da muke ciki. Da an gama ɗaure gero an roro wake, sai gari ya fara yin shiru. Maza sun kama hanya. Wasu sun yi kudu, Kano, Kaduna, Abuja har Legas, ga masu ga-ruwa, ga masu shayi, ga ƴan gadi da ƴan dako da leburorin gini. Wasu sun yi arewa, Agadas da wuraren haƙar zinariya irin su Jado, wasu har Libiya da Aljeriya. Ba maza kaɗai ba, akwai ƴan uwanmu mata da ke tafiya aikatau ko wankau, wasu da goyo a baya. Mu da muka rage mu ne da yara, da tsofaffi, da awaki, da akwatin asusu.

Kwanakin baya shugabannin ƙungiyoyinmu muka zauna muka bi littattafan bashi ɗaya bayan ɗaya. Kowace sakatariya tana rubuta dalilin da mace ta faɗa lokacin da ta karɓi bashi: jarin ƙosai, gyaɗar mai, ɗan akuyar kiwo, kayan ɗaki. Sai muka ga kalmar "magani" tana ta maimaituwa. Da muka bi sawu, bashin magani da yawa ba na matar ba ne, ba kuma na yaran da ke gabanta ba ne. Na miji ne ko ɗa ko ƙane da ya kwanta ciwo a wata ƙasa, aka bugo waya da dare aka ce a turo kuɗi. Washegari tana tsaye ƙofar ma'ajiya. Su suka tafi neman abin da za su kawo mana, amma ranar da jiki ya ƙi, akwatinmu mai kwaɗo uku shi ake buɗewa.

Ga ɗaya daga ciki, ba za mu kama suna ba. Mijin wata ƴar ƙungiyarmu yana turin kurar ruwa a Kano. Zazzaɓi ya kama shi, ya yi sati biyu yana sayen ƙwaya a kemis don kada ya rasa aikin yini guda. Ranar da ya faɗi abokan kwanansa suka kai shi wani asibiti, aka ce hanji ya ɓule, sai an yi aiki. Suka yi karo-karo, bai kai ba. Matar ta ci bashin jika 40 a wurinmu, ta sayar da tunkiya da ɗanta, ta ƙara da buhun gero daga cikin na ci. Alhamdu lillahi ya tashi, amma ya dawo gida ba ya iya ɗaga fartanya, daminar nan ita da yara suka yi noman. Ranar rabon asusu, bayan an cire bashinta, abin da ta ɗaure a bakin zane bai kai kuɗin sabulu na wata biyu ba. Shekara guda tana zubi.

Abin da ke tsayawa a iyaka

Mu fara da abin da muke da shi a gida, don sai mun san shi za mu gane abin da mai tafiya ya bari a baya. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati, haka ma awon ciki, haka ma aikin fiɗa na ciro jariri. A shekarar 2024 kuma aka rage kuɗin ganin likita da rabi, aka ce haihuwa kyauta ce. Mun sani, wani lokaci magani yakan yanke a rubuta mana ordonas mu je farmasi. Duk da haka akwai tsani da muka sani: daga ƙaramin gidan likita na ƙauye zuwa CSI, daga CSI zuwa asibitin Magarya, in abin ya fi ƙarfi a wuce Damagaram. A kowane mataki akwai wanda ya san danginka, akwai gidan da za a sauka, akwai mai kawo kunu.

Duk wannan yana tsayawa a bakin iyaka. A Najeriya ba a korar ɗan Nijar daga asibiti, harshe ɗaya ne, sau da yawa ba ma wanda zai tambaye ka daga ina. Mutanenmu sun daɗe suna zuwa asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, da asibitin ƙashi na Dala in an samu karaya. Amma kati da kuɗi, gwajin jini da kuɗi, hoto da kuɗi, gado da kuɗi, ƙarin ruwa da allura da safar hannu duk a saya. In ƙarin jini ne sai ka kawo mai bayarwa. Ɗan gari yana da dangi a unguwa ta gaba. Ɗan ci-rani yana da abokan shago huɗu, su ma abin da suka samu jiya shi suka ci yau.

Ga kuma canjin kuɗi. Tun da naira ta faɗi a 2023, abin da mutum ya yini yana tarawa a can in an juya shi sefa sai ya zama ɗan kaɗan, shi ya sa aike ya ragu a gidaje da yawa. Ta ɗaya gefen kuwa sefarmu takan yi auki in an juya ta naira. Maza sun gane wannan, kun ga ke nan hannu ya ƙara saurin miƙowa gida.

Kada mu manta da rufe iyaka. Najeriya ta rufe nata daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, sai a watan Maris 2024 aka buɗe. Waɗanda suka yi jinya a waɗannan watanni sun san abin da ake nufi da ɗauko maras lafiya a kan babur ta hanyar daji, ana tsayawa yana amai ana ci gaba. Hanyar Tinkim ko ta Maigatari da muke gani kamar hanyar kasuwa, rana ɗaya ana iya sa mata sanda.

Mene ne inshora?

A rediyon Kano za ku ji ana cewa inshorar lafiya, masu faransanci su ce asirans ko mutuwel. Kada sunan ya ba ku tsoro, ƙanwar asusu ce. Mutane da yawa suna zuba kaɗan kaɗan tun suna da lafiya. Wanda ya kwanta a biya masa daga ciki, wanda bai kwanta ba ya gode Allah, kuɗinsa sun yi wa wani amfani. Bambancinta da zubinmu shi ne ba a rabawa a ƙarshen shekara. Nan ne mutane ke turjewa: "To in ban yi ciwo ba fa, kuɗina sun tafi ke nan?" E, sun tafi, kamar yadda kuɗin katangar da ɓarawo bai haura ba suka tafi.

Turawa da Sinawa da suka zo aiki a Arlit ko wuraren man fetur, kamfaninsu ne ya yanka musu ita tun kafin su baro ƙasarsu, har da jirgin da zai kwashe su in ciwo ya yi tsanani. Su ma ci-rani suka zo. Bambancinmu da su, su an yi lissafin ciwo a cikin kuɗin tafiya, namu kuwa kuɗin mota da garin rogo kaɗai ake lissafawa.

A Najeriya an yi sabuwar doka a 2022, aka kafa hukumar NHIA, aka ce duk mazaunin ƙasar ya kamata ya shiga inshorar lafiya. Jihar Kano tana da tata hukuma mai suna KSCHMA, Jigawa tana da JICHMA. Akwai tsarin da mai sana'ar hannu zai biya na shekara, shi kaɗai ko a ƙungiyance, a ba shi asibitin da zai riƙa zuwa. Wurin rajista akan nemi lambar shaida ta NIN. Wanda ya zauna can shekara da shekaru, da iyali da shago, muna ganin ya kamata ya je ofishin da ƙafarsa ya tambaya, ya faɗi gaskiyar inda ya fito, ya ji abin da ake buƙata daga baƙo. Ku matsa wa irin waɗannan mazan, kuɗin shekara guda bai kai na kwana uku a gadon asibiti ba. Amma mai zuwa wata biyar ya dawo, bana Kano baɗi Abuja, wannan tsari bai cika kama shi ba, domin an ɗaure shi da gari ɗaya da asibiti ɗaya. Kuma yawancin namu irin waɗannan ne.

Masu zuwa Umara su ma su sani. Saudiyya takan haɗa inshorar lafiya cikin kuɗin biza, tana aiki iya kwanakin bizar. Wadda ta ƙi dawowa ta zauna takari, ranar da biza ta mutu inshorar ma ta mutu, kuma zuwa asibiti ba takarda yana iya zama hanyar kamu.

Arewa kuwa maganar ta wuce ta kuɗi. A Libiya da Aljeriya wanda ba shi da takarda tsoron fita yake, balle ya je inda za a rubuta sunansa. Ya karye a wurin gini, a ɗaure shi a ɗaki. Mace ta haihu a kango. Aljeriya tana kwaso mutane a manyan motoci ta sauke su a Asamaka, masu ciwo da masu lafiya tare, abin da aka tara sau da yawa a can ake barinsa. Ba mu manta da watan Oktoba 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga ƙasar Kance, maƙwabtanmu. Ƙishirwa ce ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Babu akwatin da ke maganin wannan.

Tari, da katin yara

Akwai abin da ba ya cin ko dala amma yana cin rai, muna so mu daɗe a kansa kaɗan. Tarin fuka. Mazanmu suna kwana su goma a shago ɗaya ba taga, masu zinariya kuma suna shaƙar ƙurar dutse a cikin rami. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar, kyauta ne a Najeriya, amma sai an sha shi wata 6 cur ba fashi. Ga yadda abin ke faruwa. Mutum ya fara sha a Kano a watan Maris. Zuwa Mayu tari ya lafa, jiki ya murmure. Hadari ya haɗu, aka bugo aka ce an yi ruwan shuka, ya tattara ya taho, ya bar sauran maganin a can. Bayan kaka tari ya dawo, wani lokaci ya dawo da taurin kai har maganin farko ba ya jinsa. Kafin nan ya kwana ɗaki ɗaya da ke da jariri wata huɗu.

Gyaran wannan takarda ce guda. Kafin ya taho ya gaya wa likitan da ke ba shi magani cewa zai koma gida, a rubuta masa takardar canjin wuri, ya riƙe katinsa, ya kawo CSI a ci gaba daga inda aka tsaya. Haka mai shan maganin ƙanjamau, haka mai hawan jini ko ciwon sukari. Duk wadda mijinta ya dawo yana tari fiye da sati biyu, yana zufa da dare, yana ramewa, ta lallaɓa shi ya je a gwada majina. In ke kunya ta hana ki, ki gaya wa uwarsa ko yayarsa. Wannan bai zama tonon asiri ba.

Mata masu tafiya da yara kuma, katin rigakafi da karnen awo su shiga cikin ƙullin kaya kafin zane. Yaron da aka fita da shi ba kati, can ba a san allurar da ya samu ba, nan ma in ya dawo an rasa inda aka kwana. Kuma in damina ta same ku a waje, yana iya rasa maganin kariyar zazzaɓin sauro da ake bi gida gida ana ba yara wata wata. Mai ciki wata bakwai, mu dai shawararmu ta haƙura da tafiyar bana.

Akwati na biyu

Tsarin Mata Masu Dubara da muke bi ya fara ne a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu har ƙasashen da ba su san daga Nijar ya fito ba. A cikinsa akwai ɗan asusun taimako na haihuwa da rasuwa da gobara. Shi ne muke ta ɗiba don ciwon ƴan ci-rani har ya ƙare tun kafin bazara, sai a koma kan uwar kuɗi. Saboda haka ƙungiyoyi uku a nan suka ce bana za su gwada akwati na biyu, na lafiyar matafiya kaɗai.

Ga lissafin. A ce mata 25 ne, kowace ta ƙara dala 20 a sati. A shekara jika 130 ke nan. Sannan kowane mai tafiya da yake so a sa sunansa ya ajiye jika 2 kafin ya hau mota, lokacin da kuɗin wake ke hannunsa. In su 20 ne, jika 40. An tashi da jika 170. Ba a ba da bashin sana'a daga ciki, ba a raba shi ranar rabo, abin da ya rage ya kwana sai baɗi.

An yi muhawara sosai kan jika 2 ɗin nan. Wata dattijuwa ta ce, a addini miji ke ɗaukar nauyin mata, yaushe aka juya? Gaskiya ta faɗa. Amma ko mun yi akwati ko ba mu yi ba mu ke biya, gara ya sa hannunsa tun yana tsaye. Wanda ya ƙi ajiyewa ba a rubuta shi, matarsa tana iya cin bashi irin na kullum. Wani mai gida ya ce wa matarsa wannan ai fatan ciwo ne ake yi masa. Ta ce masa, "Malam, da ka sayi igiyar guga biyu, fatan tsinkewa ka yi?" Ya ba da kuɗin.

An tambayi malamai kuma, domin wasu sun ji ana cewa inshora akwai shubuha. Amsar da aka samu, taimakekeniya ce tsakanin ƴan uwa, ba riba ake nema ba, ba wanda ke cin abin da ya rage, ba laifi. Kowace ƙungiya ta tambayi malamin da ta yarda da shi don hankali ya kwanta.

Sai maganar kishiyoyi. Miji ɗaya, uwargida a wannan ƙungiya, amarya a waccan. Aka yanke cewa sunan mutum a akwati ɗaya kaɗai zai shiga, su biyun su daidaita tun yanzu. Ranar ciwo ba ranar wannan magana ba ce.

Abin da ya fi wuya shi ne tabbatarwa. Mu faɗa wa juna gaskiya, akwai yaran da ke bugowa da muryar mai mutuwa alhali kuɗin waya sabuwa suke nema, uwa kuwa ba ta iya jin haka ta yi barci. Don haka dokar ita ce a turo hoton kati da ordonas ta WhatsApp, sakatariya ta karanta, a kuma yi magana da wani babba ɗan garinmu da ke can, mai masauki ko shugaban ƴan ci-rani na wurin. Kowane mai tafiya zai bar lambar irin wannan mutum tun kafin ya tashi. Kuɗin ma ta hannun babban za a tura, ta Nita ko Al Izza ko Amana in a cikin ƙasa ne, in Najeriya ce ta hannun ɗan canjin da ƙungiya ta sani, a rubuta a littafi gaban mata uku.

Akwatin ba zai iya komai ba. An sa iyaka, jika 25 ga mutum ɗaya a shekara kyauta, abin da ya haura ya zama bashi ba riba na wata 4. Jika 25 ba ta biyan aikin hanji. Abin da take yi shi ne ta kai mutum gaban likita a rana ta uku maimakon sati na uku, ta biya gwaji da maganin farko, ko ta biya motar da za ta kawo shi gida tun yana iya zama. Mijin ƴar uwarmu da muka ba da labari, da ya san akwai jika 25 da sunansa a kai, da wuya ya yi sati biyu yana haɗiyar ƙwayar kemis. Gawa kuwa ba a ɗauko ta da kuɗin akwati. Inda rai ya yi halinsa a nan ake sutura, a ba iyali abin sadaka daga asusun taimako kamar yadda aka saba.

Magana ɗaya ce ba a gama ba, ta mata masu zuwa Aljeriya da yara. Wasu sun ce a sa su, ai ƴan ƙungiya ne, sun yi zubi kamar kowa. Wasu sun ce sa su kamar an ce musu ku tafi ne. Mu a namu ganin kada a karɓi jika 2 ɗinsu a yi musu alkawarin da ba za a iya cikawa ba, domin ba mu da babban da za mu kira a Tamanraset, ba mu da hanyar ganin takarda. Amma ranar da aka sauke mace a Asamaka da yaro maras lafiya, kuɗin motarta zuwa gida da na likitan yaron ya fito daga asusun taimako ba tare da an tsaya yi mata gori ba. Ba kowa ya yarda da mu ba, an ɗage sai zama na gaba.

Ƙungiyar da ke son gwadawa ta fara da rubuta sunayen matafiyanta na bana, garin da kowa ya nufa, da lambar babban da ke can. Waɗanda suka riga suka tafi ana iya kiransu su aiko da nasu. Sakatarorin ƙungiyoyi ukun za su zo babban taro da littattafansu bayan sallar la'asar, duk mai tambaya ta same su a can. A zo da kwaɗo uku sababbi, akwatin kuwa maƙerin bakin kasuwa ya ce zai yi mana ragi in mun haɗa aikin wuri ɗaya.